Busasshen Dut da Pekmez daga Kasuwar Kayan Ƙamshi ta Istanbul

Dut shi ne sunan da Turkawa suke kiran 'ya'yan wata bishiya da ke zubar da ganyenta idan hunturu ya shigo, kuma da ganyen nan nata ne ake ciyar da tsutsar siliki. Na sayi rabin kilo na busasshen farin dut da kwalba ɗaya ta pekmez, wato dafaffen ruwansa mai kauri, a wani shago da ke cikin tsohuwar kasuwar kayan ƙamshi ta unguwar Eminönü a Istanbul, wadda aka gina a ƙarni na 17.

Busasshen ne ya fi kwanta mini a rai. Kowace ƙwaya ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, kuma idan aka tauna ta sai a ji zaƙi irin na zuma ba tare da an ƙara sukari ba, ga ƙananan iri da suke yin ƙaras-ƙaras a baki. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne 'yan tsinkaye da ƙura da na tarar a ƙasan ledar, don haka sai da na tsince shi kafin in ba yara.

Shi kuwa pekmez ruwan 'ya'yan ne da ake dafawa har ya yi kauri ya yi duhu. Turkawa suna gauraya shi da niƙaƙƙen riɗi su ci da burodi a karin kumallo, ni kuma na zuba shi a koko, inda cokali ɗaya ya wadatar domin zaƙinsa yana da ƙarfi sosai. Farashin ya fi na shagunan cikin unguwa tsada, kasancewar kasuwar wurin 'yan yawon buɗe ido ce.