Akwatin gefen babur: uku na duba, ɗaya na saya

Wata bakwai ke nan ina jan akwatin gefe a jikin babur ɗina, irin ɗan akwatin nan mai taya ɗaya da ake haɗawa a gefe, babur ya koma ƙafa uku. Kiwon kaji nake yi, kuma ƙwai ne ya kai ni ga saye. Daga gona zuwa bakin kwalta burji ne mai gargada, duk ranar da na ɗauro kiret a baya sai na tarar da fasassu. Kuɗin keke mai ƙafa uku na dakon kaya ya fi ƙarfina, ga Boxer ɗina mai 150 lafiyarsa lau. Sai na shiga neman akwati mai sauƙin kuɗi. Uku na samu, kuma duk inda za ni da wani dattijon bakanike nake tafiya, wanda nake kira Baba, ya shekara talatin yana gyaran babura.

Na farko ɗan waje ne, sabo fil, jikinsa na faiba, ja wur, da kujera mai laushi da ɗan gilashin tare iska. Ina ganinsa zuciyata ta kwanta. Baba kuwa ko kallon fentin bai yi ba. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashi, ya jima, sannan ya ce, "Ɗana, zo ka leƙa." Na durƙusa. Waldar da ta riƙe bututun firam ɗin ɗigo-ɗigo ce kamar kashin kaza, an bi ta da baƙin fenti an rufe. Ya ƙwanƙwasa bututun da sifana, sai ya ba da sauti irin na gwangwanin madara. Hannayen da za su kama babur biyu ne kacal, sai wani siririn rodi na uku da bai kai kaurin yatsa ba.

Akwai kuma wata matsala da ni kaina ban lura da ita ba: na gefen hagu ne. A Indiya da Ingila ta hagu ake bin titi, don haka a hagu suke rataya akwati domin ya kasance ta bakin hanya. Mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma hannun dama. Ka saka akwatin hagu a nan, duk abin da ke ciki, kaya ko yaro, shi ne zai riƙa gogayya da motocin da ke tahowa. Mai shagon ya ce ai ana juyawa. Juyawar tana nufin a yanke firam ɗin a sake walda, a kan bututun da tun farko ba shi da nama.

Na biyu aikin wani mai walda ne na kusa da mu, kuma shi ya fi araha, bai kai rabin kuɗin na farko ba. Gaskiya mutumin ya iya walda, ɗinkinsa a jere yake kamar saƙa. Amma da ƙarfen ƙofa da taga ya yi shi, mu biyu da ƙyar muka ɗaga. Babur ɗina duka-duka bai wuce kilo 130 ba, masu wannan harka kuma sun fi son nauyin akwati ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin babur. Tayarsa a kafe take, ba shokozoba, duk ramin da ta faɗa kai tsaye zai isa ga ƙwai. Abin da ya raba mu shi ne ya ce zai walde shi ne a jikin firam ɗin babur. In aka yi haka an gama, ba sauran saiti, ba kuma cirewa.

Na uku na hannu ne, na gefen dama, fentinsa ya koɗe, gindin akwatin ya fara tsatsa, kujerar ta yage. Ban so shi ba. Amma bututunsa mai kauri ne, waldar ta zagaye kowace mahaɗa ba tsallake, tayar tana kan hannu mai lilo da shokozoba irin na bayan babur, wanda ko'ina za ka samu. Hannayen kamu huɗu ne, biyu a ƙasa biyu a sama, kuma kowanne da zare da noti a bakinsa, ana iya ƙara masa tsawo ko a rage. Baba ya kama tayar ya girgiza, ya ce boris ne kawai ya mutu. Shi na saya, kuɗinsa tsakanin na farko da na biyu.

Sai ranar haɗawa na gane amfanin notocin nan. Wuni guda Baba ya yi da katako biyu miƙaƙƙu da zare. Ya jera ɗaya a jikin tayoyin babur, ɗaya a jikin tayar akwati, ya riƙa juya noti har tazarar gaba ta gaza ta baya da kusan santimita ɗaya da rabi, wato tayar akwati ta ɗan kalli ciki. Ya sa tayar ta riga tayar baya da kamar taƙi ɗaya. Sannan ya ce in hau, ya saita hannayen sama har babur ya ɗan jingina waje kaɗan, nesa da akwatin. Muka gwada, yana ja dama, ya ƙara rabin juyi, muka sake. Sau biyar. Da na mai walda na ɗauka, da haka zan yi ta kokawa da kan babur har kafaɗa ta gaji.

Na san akwai Ural na Rasha, da tun 1941 ake ƙera shi da akwatinsa daga masana'anta, injin 750, har da giyar baya. Wannan wani aji ne daban, ba na aljihuna ba. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne Filifin, inda ƙananan babura irin namu ke jan akwati cike da fasinja kullum, kuma yawanci masu waldar unguwa ne ke ƙera su.

Tuƙin sai an sake koyo. Babur ya daina kwanciya a kwana, da hannu ake juya shi. In ka ba shi wuta ya ja dama, in ka taka birki ya ja hagu. Kwanar dama ita ce abin tsoro, domin in akwatin ba kaya tayarsa ɗagawa take yi. Ta ɗaga mini sau ɗaya a satin farko, tun daga nan buhun yashi ba ya fita daga ciki in zan dawo wayam.

Aibinsa ba zan ɓoye ba. Mai ya ƙaru sosai, tayar baya tana cinyewa ta tsakiya da wuri, wayoyinta kuma sai an riƙa ɗaure su duk wata. A ƙaramin gudu kan babur yakan yi rawa in na sassauta riƙo. Noti ɗaya na ƙasa ya sha kwancewa sai da muka ƙara masa na biyu. Tsatsar gindin ma ta ci gaba da damina, dole na sa aka yanke wurin aka sa sabon faranti.

Firam ɗin dai ko tsaga babu, na kwanta na duba shi da tocila makon jiya. Kiret goma sha biyu nake jerawa a kan tsohuwar katifa, in rufe da buhu, kuma yawancin ranaku haka nake isa kasuwa ba ko ɗaya da ya fashe. Bayan Sallah zan kai shi a kankare a yi masa fenti.