Ku kiyayi mai sayar da kayan wayarin ɗin nan: wayarsa alminiyom ce, fis ɗinsa ba ya ƙonewa

Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, don wallahi kunya nake ji. Albashina na wata ɗaya da rabi. Wata ɗaya da rabi cur na tura wa mutumin da ban taɓa gani ido da ido ba, shi kuma ya aiko min da kwalin da ya kusa cinna wa motata wuta a tsakiyar daji, da ƙanina a zaune a ciki.

Kafin wani ya ce ai ni na so, ku tsaya tukuna. Ni ba baƙo ba ne a wayarin. Ni na zana abin da hannuna: makunni shida a dasbod, rile shida (ɗan makunnin lantarki da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babbar wuta) da akwatin fis a ƙarƙashin bonet, babbar waya guda daga batir. Fitilar saman rufi, fitilun gefe, fitilar baya, injin hura taya, ɗan firij, da layi guda na ajiya. Injin jan mota ban ma sa shi a lissafin ba, don na san amp ɗari-ɗari yake sha, layinsa daban. Na san ƙafar rile mai lamba 30 ita ke karɓar wuta daga fis, 87 ta kai wa fitila, 86 ta zo daga makunni, 85 ta tafi jikin mota. Na san makunni ba ya ɗaukar nauyin komai, ko rubu'in amp bai cika bi ta cikinsa ba, rile ne ke aikin ƙarfi. Fitilar rufin wat 240 ce, ka raba da volt 12, amp 20. Shi ya sa na ce wa mai kayan waya mai lamba 10 AWG nake so (AWG ma'aunin kaurin waya ne, ƙaramar lamba ta fi kauri), jan ƙarfe zalla, mita 25. Mita 25, na rubuta, na sake rubutawa. To a ina na yi wauta?

Ga wurin da ke hana ni barci. Na tura masa hoton zanena don ya haɗa min kaya, ba a yi minti goma ba ya kira. Ya ce, "Yallaɓai, zanenka ya yi kyau, amma babban fis ɗinka ya yi wa batir nisa. Fis ba fitila yake tsaro ba, waya yake tsaro. Matso da shi, kada ya wuce taƙi ɗaya daga kan batir, in ba haka ba duk wayar da ke tsakani ba ta da mai kare ta." Kuma gaskiya ya faɗa! Abin haushin ke nan, gaskiya ce tsantsa. Na duba zanen, na ga lallai na kai fis ɗin can kusa da akwatin rile. A nan zuciyata ta kwanta. Na ce wanda ya gyara min kuskure ba tare da na tambaye shi ba, ai ba zai cuce ni ba. "Fis waya yake tsaro." Har yanzu ina jin muryarsa, a natse, kamar malami.

Wayar ta narke ne daren Asabar. A'a, bari in koma baya, akwai bidiyon. Kafin in tura rabin farko ne, ko bayan na tura, na manta, zan duba kwanan wata in ɗora muku. Ya kira ni ta bidiyo, ya yanki waya a gabana, ya feɗe robar, ya kankare silin da wuƙa, ja ciki ja waje. Ya kunna laita ya kara mata, silin ya yi jajir amma yana nan tsaye. Ya ce, "Ka gani, Yallaɓai? Da alminiyom ce da tuni ta lanƙwashe." Ni da nake ganin na iya, sai ga shi yana nuna min gwajin da ni ma zan yi. Me ya rage in tambaya? Wayar da ya ƙona a bidiyo ta gaske ce. Ba ita ya aiko ba, shi ke nan.

Na biya rabi. Bayan kwana biyu ya ce mutum biyu na jiran akwatin fis irin nawa, guda ya rage, in cika kuɗin ya ajiye min. Na cika. Wata ɗaya da rabi, kafin in taɓa ko dunƙulen waya ɗaya da hannuna.

Da kwalin ya iso na ɗaga naɗin wayar na ji shi sakayau, ba nauyi. Na ji, ba zan yi muku ƙarya ba, na ji. Amma a jikin robar an buga 10 AWG ɓaro-ɓaro, kaurinta kuma ya yi daidai a ido, sai na ce ƙila hannuna ne. Ashe kaurin duk roba ce. Da na feɗe bakin don in matse kan waya na ga silin bai cika ramin ba, na ninka shi biyu na matse. Wannan laifina ne, na yarda. Amma mutumin da ya ce maka fis waya yake tsaro, za ka zauna kana kankare wayarsa?

Asabar uku na yi ina aikin nan. Na bi da kowace waya cikin bututun roba, na sa zoben roba inda ta ratsa ƙarfen da ke raba injin da cikin mota, na ɗaure ta nesa da bututun hayaƙi, kowane layi da lambarsa. Aikin da nake nuna wa mutane ina alfahari.

To daren. Mun yi kamar minti ashirin da fitilar rufi a kunne, hanya duk rami, ƙanina ya ce, "Yaya, ba ka jin ƙauri?" Na kashe makunni. Fitila ta ƙi mutuwa. Na kunna na kashe, na kunna na kashe, tana nan tar. Rile ya liƙe a ciki. Na tsaya, na kashe inji, na buɗe bonet, hayaƙi ya bugo ni, roba na ɗiga kamar kyandir, wayar tsirara tana taɓa ƙarfe tana tartsatsi. Fis mai amp 30, koren nan, yana zaune lafiya lau, ko gezau. Allah ya taimake ni sifana mai lamba 10 na cikin aljihun ƙofa, na kwance kan batir hannuna na rawa. Tabon ƙunar na nan a babban yatsana, shi ma na ɗauki hotonsa.

Washegari na kai wa wani dattijo mai wayarin ragowar kayan. Bai ce komai ba, ya kankare sili ɗaya da reza ya miƙo min. Ja a waje, fari fat a ciki. Alminiyom ce aka yi wa rigar jan ƙarfe. Ya kara mata laita, nan take ta lanƙwashe ta zube, don alminiyom a digiri 660 yake narkewa, jan ƙarfe kuwa sai ya haura 1,000. Sauƙin da wuta ke bi ta cikin alminiyom ma wajen kashi 60 cikin 100 ne na jan ƙarfe mai kauri ɗaya, nauyinsa kuma bai kai sulusi ba, shi ne rashin nauyin da na ji na yi biris. Sannan silin kansa, in ji dattijon, bai wuce na lamba 16 ba. Muka ja sabon layi da ragowar muka auna: volt 14 a kan batir inji na aiki, 11 da ɗoriya a bakin fitila. Kusan volt uku sun ɓace a hanya sun zama zafi. Da lamba 10 ce ta gaske, ko rabin volt ba za a rasa ba.

Fis ɗin ne ya fi ba ni tsoro. Ya ɗauki ja mai amp 10 daga cikin kwalin, ya sa a layin da ke jan amp 20. Na kirki cikin 'yan daƙiƙu zai yanke. Wannan muna tsaye muna kallo har robarsa ta fara laushi, bai yanke ba. Ja, shuɗi, rawaya, kore, da muka fasa su ƙarfen ciki duk kauri ɗaya, launi kawai aka sauya. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ai ƙusa ce aka sa wa riga." Rile kuma an rubuta amp 40, bakin da ke haɗa wutar a ciki bai fi kan allura ba.

Na tura wa mutumin hotuna. Ka san me ya ce? Wai jan ƙarfe ne mai rufin kuza, irin na jiragen ruwa, shi ya sa na ga fari. Ni zai raina wa hankali! Mai rufin kuza fari ne a waje, ja a ciki, tawa kuwa akasin haka ce. Da na faɗa masa sai ya ce ni na haɗa ba daidai ba. Na ce to fis fa, ba kai ka ce waya yake tsaro ba? Ya karanta, bai amsa ba. Da yamma ya toshe ni. Jiya ƙanina ya gano shi da sabon suna, hotunan kaya iri ɗaya, bidiyon laitar nan ma shi ne dai.

Hirarmu, shaidar biyan kuɗi kashi biyu, hoton wayar da aka kankare, duk zan ɗora su da zarar na rufe lambobina da ke jiki.

Ku kankare wayar da ta iso hannunku, ba ta bidiyo ba. Ku sadaukar da fis ɗaya ku gwada. Kada ku cika kuɗi kafin kaya.

Yanzu sai na warware aikin Asabar uku, layi shida, in sake sayen komai, ga wayoyin motar na asali guda biyu da zafin ya laso su ma sai an sauya. Wata ɗaya da rabi. Ragowar mita tara na nan a but, na kasa zubarwa, kullum na buɗe sai na ga 10 AWG ɗin nan a jikinta.