Sharhi: Ɗaki, Abinci da Nishaɗi a Jirgin Ruwan Shaƙatawa na Tekun Fasha

Mu mazauna Legas mun saba ganin jiragen ruwa a Apapa da Tin Can, amma na kwantena ne. Mai son hawa na shaƙatawa sai ya tashi daga filin Murtala Muhammed ya je inda suke lodi. Mu Dubai muka nufa, ni da uwargida da ƙanwarta, muka hau a tashar Port Rashid. Tsakanin Nuwamba da Maris ne jiragen ke zagaya Abu Dhabi da Doha, lokacin da zafin yankin ya sauka.

A ganina ɗaki ne ke gyara tafiyar ko ya ɓata ta. Mun biya mai baranda, ƙanwar kuma ta ɗauki na ciki mai araha, wanda ko taga babu. Tsafta iri ɗaya, ana gyara gado kullum, amma ita ba ta bambance dare da rana, sai waya ta tashe ta Asuba. "Yaya, ni kam kamar an rufe ni a kwantena," in ji ta, kuma daga nan a barandarmu take wuni. Alƙibla ma aiki ce, domin jirgi na juyawa. Talabijin ɗin ɗaki na nuna inda aka dosa, da shi da manhajar waya muke daidaitawa. Banɗakin ɗan ƙarami ne, ba buta, sai ka zo da taka. Dutsen guga kuwa an hana shiga da shi saboda gobara, don haka mai babbar riga ya shirya biyan masu wanki.

Abinci sai wanda ka ture. Akwai zauren ɗebi-da-kanka da kusan ba ya rufewa, da ɗakin cin dare inda ake ba ka teburinka da lokacinka. Kifi, jatan lande, taliya da biredi mai zafi ba laifi ko kaɗan. Sai dai harshen da ya saba da barkonon kasuwar Mile 12 zai ji komai salam. Yajin da uwargida ta ƙullo daga Agege shi ya cece mu. Nama kuma a riƙa tambaya, domin akwai na alade a jere, kuma ba kowane ma'aikaci ke iya tabbatar maka da yanka ba. Da na yi wa shugaban masu hidima bayani, kullum sai ya nuna mana abin da za mu kauce wa.

Nishaɗin dare rabi namu ne, rabi ba namu ba. 'Yan wasan tsalle-tsalle a babban zaure sun burge ni ƙwarai. Gidan caca da mashaya kuwa wucewa kawai muke yi.

Abin da ya sosa min rai lissafin ƙarshe ne. Katin ɗakinka shi ne makulli, shi ne aljihu, kana miƙawa ba ka jin zafi. Ruwan gora, lemo, intanet mai tsada da jan ƙafa, ga kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum kowace rana. Da na mayar da jimillar zuwa naira, sai da na nemi kujera. Wanda zai je ya sa wakilin tafiyarsa ya rubuta masa abin da tikiti ya ƙunsa tun yana Legas, kuma in aljihu ya yarda, ya ɗauki mai baranda.