Takardar koke kan gudun mota: yadda ake bi da ita a Ingila, da abin da zai yi mana amfani a Jos

Jama'ar Jos, assalamu alaikum. Saƙon nan daga Ingila yake, a kan abin da kowace unguwa tamu ta sani: titi ya ratsa tsakiyar gidaje, direbobi suna sheƙa gudu, yara suna tsallakawa zuwa boko da Islamiyya. A gida galibi sai an buge yaro sannan matasa su fito da siminti da yashi cikin dare su gina tudu a kan kwalta. A nan ma ana kuka da gudun wuce sa'a, sai dai kukan a takarda ake yin sa. Takardar ba ta sa a gina tudu washegari, amma tana sa hukuma ta zo ta auna titin, ta kuma ba da amsa a rubuce.

Farkon abin shi ne sanin mai hanya. Manyan hanyoyin da suka haɗa birane suna hannun hukumar manyan hanyoyi ta ƙasa, National Highways, titunan cikin gari kuwa na ƙananan hukumomi ne. Kama mai gudu aikin 'yan sanda ne, kuma mafi ƙarancin tara fam 100 ce da maki 3 a lasisi. Wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku, kotu na iya hana shi tuƙi. Saboda haka in aka rubuta wa ƙaramar hukuma cewa ta ci tarar masu gudu, tura takardar ga 'yan sanda kawai za ta yi. Ikonta a kan siffar titin yake: alama, fenti, tudu, wurin tsallakawa, da iyakar gudu.

Takardar kanta ba ta da wuya. Ana rubuta sunan titin, daga ina zuwa ina, abin da ake so a yi, sannan kowa ya sa suna da adireshi da hannu. Yawancin hukumomin suna karɓa ta intanet, ko kansilan mazaɓa ya miƙa ta a zaman majalisa. Wata doka ta 2009 ta wajabta musu tsarin karɓar koke, an soke wajabcin a 2011, amma da yawa sun ci gaba da shi, kowace da adadin sa hannun da take nema kafin a kai batun gaban majalisa.

Awo shi ne inda aikin yake. Ma'aikata sukan shimfiɗa tiyo biyu na roba a gicciye kan kwalta, a haɗa su da wani ƙaramin akwati da ake ɗaurewa a jikin turken fitila. Duk tayar da ta taka, akwatin ya rubuta lokaci da gudu da irin motar. Yawanci kwana bakwai ake barin sa, dare da rana, kuma ana kauce wa lokacin hutun makaranta don kada lissafin ya ruɗe. Lamba biyu injiniya ke nema: matsakaicin gudu, da gudun da motoci 85 cikin 100 ba sa wucewa. Bayan nan sai a ɗauko rajistar haɗurra ta 'yan sanda, ta shekara uku ko biyar da suka wuce, a ga mutum nawa suka ji rauni a wurin. Da waɗannan ake jera tituna bisa muhimmanci, kuɗin shekara ya tsaya inda ya tsaya.

A nan tsarin ke da aibi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Rajistar ba ta ƙirga motar da ta kusa buge yaro, ba ta ƙirga tsohuwar da ta daina zuwa shago don tsoron tsallaka titi. Unguwa takan tara ɗaruruwan sa hannu, amsa ta dawo cewa babu raunin da aka rubuta a titin, don haka bai kai a kashe masa kuɗi ba. Uwa mai raka yara makaranta kullum ba za ta ji daɗin wannan amsa ba, kuma tana da gaskiya. Abin da ya rage mata shi ne amsar tana ɗauke da lambobi, ana iya ƙalubalantar su, ana iya neman a sake awo.

In an yarda akwai matsala, daga mai araha ake farawa: sabon fenti, allo mai lantarki da ke nuna wa direba gudunsa, ko 'yan sa-kai na unguwa da 'yan sanda ke horarwa su tsaya da na'urar auna gudu, a aika wa mai motar wasiƙar gargaɗi. Sai rage iyaka daga mil 30 zuwa mil 20 a awa, wato daga kilomita 48 zuwa 32. Bambancin ba ƙarami ba ne: littafin dokokin hanya na nan ya nuna mota mai mil 20 tana tsayawa cikin mita 12, mai mil 30 cikin mita 23, mai mil 40 cikin mita 36. Shawarar gwamnati ita ce alama kaɗai tana aiki ne inda matsakaicin gudu bai wuce mil 24 ba. In ya wuce, allo ba zai sauya halin direba ba, sai an taɓa titin. Sauya iyakar kuma sai an wallafa sanarwa, a bai wa jama'a aƙalla kwana 21 su kawo ƙorafi. Duk wannan yakan ci watanni, wani lokaci fiye da shekara. Ba kowa ke maraba ba: da yankin Wales ya mayar da titunan cikin gari mil 20 a Satumbar 2023, sama da mutum 460,000 suka sa hannu a takardar adawa.

Tudun rage gudu yana da ma'auni a doka. Tsayinsa daga milimita 25 zuwa 100 ne, kuma 75 aka fi amfani da shi. Faɗinsa ta inda mota ke hawa yakan kai mita 3.7, shi ya sa mota ke hawa ta sauka lafiya in tana tafiya a hankali. Ana masa farin fenti, ana sa alama kafin a iso, ana barin hanyar ruwa a gefe, kuma dole a tuntuɓi 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti. A hanyar bas akan yi wani iri mai kama da matashin kai a tsakiyar layi, wanda babbar mota ke ratsawa ba tare da girgiza ba. Kwatanta da namu: tsayi kamar kunyar doya, faɗi bai kai taku biyu ba, babu fenti, babu fitila. Ƙaramar mota ta daki ƙasa, mai keke ya kauce ta gefen da masu ƙafa ke bi, baƙon direba ya taka birki ba shiri na baya ya same shi, da damina kuma ruwa ya kwanta a bayan tudun ya cinye kwalta. Tudu guda ɗaya tilo ma ba ya hana gudu, direba na sauka zai sake taka mai, shi ya sa a nan ake jera su, tazara ba ta cika wuce mita 100 ba.

Mu ma a gida hanya tana da masu ita. Wadda ta tashi daga Jos zuwa Bauchi ko Zariya ta gwamnatin tarayya ce, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma. Takardar da aka kai wa ciyaman a kan hanyar tarayya ba za ta je ko'ina ba. Mutanen Unguwar Rogo ko Gangare ta ƙaramar hukumar Jos ta Arewa za su bi, na Bukuru ta Jos ta Kudu, a bi ta hannun mai unguwa da kansila, a kai kwafi ma'aikatar ayyuka ta jiha da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC. A riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata.

Awo kuwa ba sai da tiyo ba. A auna mita 100 a gefen titin, mutum ɗaya ya ɗaga hannu in mota ta shigo, ɗaya ya danna agogon waya a ƙarshe. Iyakar gudu a cikin gari a Najeriya kilomita 50 ne, kuma mota mai wannan gudun daƙiƙa 7.2 take ci a mita 100. Mai kilomita 80 daƙiƙa 4.5, mai kilomita 30 daƙiƙa 12. A ɗauki motoci ɗari safe da lokacin tashin makaranta, har tsawon mako guda, ba tare da zaɓen masu gudu kaɗai ba. A haɗa da jerin haɗurran da aka yi da ranakunsu da hotunan wurin, a liƙa a bayan takardar, a kuma rubuta ma'aunin tudun da ake so da wurin da za a sa kowanne.