Sharhi: Bin sawun Magatakardan Makamai na Ingila a gidan tarihi na Kew

Gidan adana takardun tarihi na ƙasar Birtaniya da ke Kew, a kudu maso yammacin Landan, shi ke riƙe da littattafan tsohuwar Hukumar Makamai ta Ingila, wadda masu ita ke kira Board of Ordnance. Na yi aiki da katalogin gidan na intanet mai suna Discovery, na kuma zauna da littattafan su kansu a ɗakin karatu. Abin da na gani shi ne, wurin taska ce ga mai son sanin yadda ake riƙe lissafin kayan yaƙi a da, amma ba zai amfane ka ba sai ka fara sanin teburin da kowace takarda ta bi. Ba a jera littattafan bisa batu ba. An bar su ne yadda akawunan ofishin suka ajiye su, kowane iri da nasa jeri.

Ofishin ya tsufa ƙwarai. A 1414 Sarki Henry na Biyar ya naɗa Nicholas Merbury shugaban makamai, aka haɗa shi da magatakarda mai suna John Louth, mazauninsu kuma Hasumiyar Landan. A 1597, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, aka mayar da ofishin hukuma mai manyan jami'ai. A 1683, zamanin Charles na Biyu, aka rubuta musu ƙa'idojin aiki dalla-dalla, kuma waɗannan ƙa'idoji su ne ƙashin bayan tsarin har ƙarshen hukumar. Aikinta samar da igwa, bindigogi, albarushi da harsasai ga sojan ƙasa da na ruwa duka, da gina ganuwa da gyara ta. Abincin soja ba nata ba ne, sai a 1834 da aka ɗora mata ciyar da sojan da ke cikin gida. Wanda ya zo neman lissafin burodi da nama a littattafanta na kafin wannan shekara zai wuni a banza.

A ƙarƙashin babban shugaba da mataimakinsa akwai mutum huɗu, kuma a nan ne ya kamata mai bincike ya tsaya ya natsu. Na ɗaya babban mai duba kaya, wanda ke tabbatar da ingancin abin da ɗan kwangila ya kawo da adadinsa da farashinsa. Na biyu babban mai sito, kaya na hannunsa, shi ake tambaya in wani abu ya ɓace. Na uku magatakardan fitar da kaya, mai rubuta abin da ya bar sito da sunan wanda ya karɓa. Na huɗu shi ne Magatakardan Makamai, mai riƙe wasiƙun hukuma da littattafan kuɗinta, mai shirya kiyasin da ake kai wa majalisa, mai rubuta takardar shaidar bashi da ɗan kwangila zai kai a biya shi. Daga 1670 aka ƙara ma'aji, wanda kuɗi ke fita ta hannunsa. Hikimar rabon a fili take: mai karɓar kaya daban, mai tantance su daban, mai rubuta bashi daban, mai biya daban. Duk wanda ya taɓa aiki a sito ko ofishin kuɗi ya san dalilin da ya sa ba a barin makulli da rajista a hannun mutum guda.

Saboda wannan rabo, ciniki guda kan bayyana a littattafai uku ko huɗu. A ɗauki misali, hukuma ta sayi gangunan albarushi. Shawarar saye tana cikin littattafan zaman hukuma, jeri mai lamba WO 47 (WO alamar da gidan ke sa wa takardun ma'aikatar yaƙi ce). Wasiƙar da aka aika wa ɗan kwangila tana WO 46, amsarsa ko kokensa kuma WO 44. Bayan an kawo kaya an tantance su, ana kwafe takardar neman biyansa cikin littattafan biya, jerin WO 50 zuwa WO 53, a nan za ka ga adadin ganguna da farashin kowace. Biyan kuɗin kansa yana cikin manyan littattafan ma'aji, WO 48. In kana son ganin jimillar da aka miƙa wa masu binciken kuɗin gwamnati, sai ka fita daga WO gaba ɗaya ka shiga E 351 ko AO 1. Shawarata a fara da WO 47, domin yawancin juzu'ansa na da fihirisa, kuma shi ke ba ka ranar da za ka riƙe ka shiga sauran da ita. Mai shiga WO 44 kai tsaye ba tare da ya duba WO 45 ba, wato littattafan da ke nuna inda aka ajiye kowace wasiƙa, ya wahalar da kansa. Naɗe-naɗen ma'aikata da albashinsu suna WO 54, tarkacen da bai shiga ko'ina ba yana WO 55, taswirori kuma WO 78.

Discovery kyauta ne, yana buɗewa daga ko'ina, kuma yana da sauri. Sai dai a san iyakarsa. Littattafan lissafi galibi an bayyana su ne juzu'i-juzu'i, da shekarun da kowane ya ƙunsa kawai. In ka buga sunan wani maƙeri ko ɗan kwangila bai fito ba, ba yana nufin ba ya ciki ba ne. Hanyar da ta fi ita ce ka buga lambar jeri, ka bi juzu'an ɗaya bayan ɗaya ta shekara. Mafi yawan waɗannan littattafai ba a ɗora hotunansu a intanet ba, dole sai an je ko an biya a ɗauko kwafi, kuma ma'aikata ba za su ɗauko ba sai ka faɗi ainihin shafi ko ranar da kake so.

Ga abubuwan da ke kada mutane a cikin littattafan. Na farko kwanan wata. Kafin 1752 shekarar Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka abin da akawu ya rubuta da Fabrairu 1701, a lissafinmu na yau Fabrairu 1702 ne. Wanda bai lura ba zai ga an biya kuɗi kafin a kawo kaya, ya ɗauka ya kama ɓarna, alhali kalanda ce. A Satumbar 1752 kuma an tsallake kwana 11, daga 2 ga wata aka wayi gari 14. Na biyu kuɗi, kodayake wannan ba baƙo ba ne ga wanda ya riski kuɗinmu na kafin 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Matsalar tana ga masu zuba lambobin cikin kwamfuta kamar naira da kwabo. Fam 3 da sule 10 fam uku da rabi ne, ba 3.10 ba. A mayar da komai kwabo tukuna, a tara, sannan a dawo da shi. Na uku awo. Nauyin igwa ana rubuta shi da lambobi uku a jere. Ta farko awo mai laba 112, ta biyu kwata mai laba 28, ta uku laba zalla. Igwar da aka rubuta 32-1-14 nauyinta laba 3,626 ke nan.

Akwai kalmomi uku na akawunan da dole a gane su yadda suke a rubuce. Debenture ita ce takardar shaidar bashi daga magatakarda, kuma fitowarta ba biya ba ne, ɗan kwangila kan daɗe yana riƙe da ita kafin ma'aji ya samu kuɗi. Imprest kuɗi ne na kafin alƙalami, da za a cire daga baya, wanda ya haɗa shi da biyan ƙarshe ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. Remain kuwa ƙidayar sito ce baki ɗaya, wadda ake yi idan mai sito ya rasu ko ya bar aiki. A ganina ita ta fi komai daɗin karatu, domin tana nuna maka abin da ke cikin sito a rana guda, da wanda ke da amfani, da wanda za a gyara, da wanda ya lalace.

Shiga ɗakin karatu kyauta ne, amma sai da katin mai karatu, wanda ake bayarwa bayan an nuna shaida biyu, ɗaya ta suna ɗaya ta adireshi. Ana rufe wurin Lahadi da Litinin. Ya fi kyau a kama wurin zama ta intanet a kuma yi odar littattafai tun kafin a zo. Fensir kawai ake shiga da shi, ana barin ɗaukar hoto da waya muddin ba a kunna fitila ba. Littattafan lissafin manya ne masu nauyi, ana ɗora su a kan matasan soso don kada bangonsu ya karye. A ɗauki hoton bango da lambar juzu'i kafin shafuka, in ba haka ba hotuna ɗari uku za su cakuɗe, rubutun akawu kuwa duk kama yake yi. Daga tashar jirgi ta Kew Gardens tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma.

Yaƙin Kirimiya ne ya kawo ƙarshen hukumar. Shugabanta na lokacin, Lord Raglan, yana can fagen daga yana jagorantar soja, ƙarancin kaya kuma ya jawo suka mai zafi a gida. A 1855 aka rushe ta aka mayar da aikinta ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi, muƙamin magatakarda ya biyo baya a 1857, William Monsell ne na ƙarshe da ya riƙe shi. Don haka mai neman lissafin bindigogin da rundunar Lugga ta shigo da su Kano da Sakkwato a 1903 kada ya nufi waɗannan littattafai. Waccan runduna tana ƙarƙashin ofishin kula da ƙasashen mallaka ne, takardunta suna CO 445, na gwamnatin Arewa kuma CO 446, wasu kuma suna gidan tarihi na Kaduna.