Fawabank, caja ko MiFi: me ɗan aiki zai fara saya a Zariya?

Duk wanda ya taɓa shiga mota a Kwangila da sassafe zai tafi aiki Kaduna, ya duba waya ya ga cajin saura kashi 12 don an kwana babu wuta, ya san dalilin da ya sa na fara da fawabank. Kuɗinka na cikin wayar nan, lambar wanda za ka gani na ciki, takardun ofis ma na ciki. In kuɗin abu ɗaya gare ka, shi za ka fara saya. Sai dai yawancinmu lambar da ke jikin kwali muke saya, kuma nan ne ake cin kuɗinmu.

Batirin cikin fawabank bolt 3.7 ne, amma sai ya ɗaga wutar zuwa bolt 5 ko fiye kafin ta shiga waya, a nan wani kaso yake salwanta ya zama zafi. Shi ya sa mai 10,000mAh (mAh shi ne ma'aunin cajin da batiri ke riƙewa) abin da yake bayarwa bai wuce 6,000 da 'yan kai ba. Wayoyin Tecno da Infinix da Redmi da ke hannun jama'a galibi batirinsu 5,000mAh ne, ka ga sau ɗaya da ɗan ƙari zai cika maka ita, ba sau biyu ba. Mai 20,000 zai yi kamar sau biyu da rabi. Kamfanoni masu mutunci irin su Oraimo da Anker da Xiaomi sukan rubuta wannan lamba ta gaskiya da ƙananan baƙi a gindin na'urar. Juya ta ka duba tun kana gaban kanta.

To wanne za ka ɗauka? Mai 10,000 yana shiga aljihun kaftani bai ja shi ƙasa ba, ya ishi ɗalibin da zai wuni a Samaru ko Kongo ya koma ɗaki da yamma. Mai 20,000 nauyinsa ya doshi rabin kilo, wurinsa jaka, shi ne na mai kwana a hanya ko mai jinya a asibitin Shika. Amma abin da na fi so ka tambaya, wanda ba kasafai mai shago ke ambata ba, shi ne: awa nawa yake ɗauka kafin shi kansa ya cika? Mai 20,000 da ke karɓar wat 10 kacal yakan kwana a soket. Wanda ke karɓar wat 18 zuwa sama ta ramin USB-C, cikin awa biyar ko shida ya gama. A garin da za a kawo wuta ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba, babban da ba ya cika tulu ne babu ruwa. Gara ƙarami mai saurin sha.

Na taɓa tsayawa a wani shago a Sabon Gari, yaron shagon ya miƙo mini wani da aka rubuta 50,000 a jikinsa, har da ɗan gilashin sola a baya. Ya ce, "Yallaɓai, wannan sati guda za ka yi ba ka nemi wuta ba." Na ɗora shi a tafin hannu, na ji bai kai nauyin wayata biyu ba. Batiri nauyi gare shi, ba a ɓoye wannan. Gilashin solar nan kuwa wat ɗaya ne ko biyu, sai ya yi kwanaki a rana bai cika ba, ga shi zafi shi ne babban makashin batirin litiyam. Kada ka bar fawabank a gaban mota da ranar watan Afrilu. In ya fara kumbura, ka rabu da shi nan take, kada ka ce bari ya ƙarasa wata. Mai hawa jirgin sama kuma ya sani, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma abin da ya haura wajen 27,000mAh sai da izinin kamfanin jirgin.

Sai caja. Ni a ganina kan caja ɗaya mai kyau ya fi uku na banza. Mai wat 20 zuwa 33 ya ishi waya da fawabank. In kana yawo da laftof mai caji ta USB-C, nemi mai wat 65 mai rami biyu ko uku, ka ajiye wancan tubalin cajar a gida. Ka tabbata mai ƙafa uku ne irin soket ɗinmu, don mai ƙafa biyu rawa yake yi a bango, sai ka farka ka tarar bai yi komai ba. Igiyar caji ma kada ka raina ta: siririya mai araha takan shaƙe wutar, ka yi ta zargin caja alhali ba laifinta. Sayi mai kauri mai saƙa, ka riƙe biyu, doguwa da gajeriya. Tun daga iPhone 15 a 2023 kamfanin Apple ma ya koma USB-C, igiya ɗaya ta wadatar da kusan kowa. Lokacin hunturu kuwa, in caji ya fara yankewa, duba ramin wayar tukuna, sau da yawa ƙura ce ta cushe.

MiFi, wato ɗan akwatin da ake sa wa layi ya raba intanet, ba na kowa ba ne. Wanda aikinsa WhatsApp ne da imel, wayarsa ta ishe shi ya raba wa laftof intanet. Wanda ke wuni a taron Zoom ko tura manyan takardu shi ne zai more shi, don raba intanet daga waya na cinye batiri ya gasa ta. Akasarin waɗanda kamfanonin layi ke sayarwa a kulle suke, layinsu kaɗai suke ɗauka. Buɗaɗɗe ya fi tsada, amma sabis ɗin da ke gudu a PZ ba lalle ya yi ƙarfi a cikin birni ko a hanyar Funtuwa ba, kuma nan ne damar sauya layi take biyan kuɗinta.

Iyafis, ni mai rataya a wuya na fi so a kan 'yan ƙananan nan marasa igiya. Cajinsa ya fi daɗewa, kuma ba ya faɗuwa in acaɓa ta faɗa rami. Filashi kuwa, mai 128GB da aka karya masa farashi abin tsoro ne: jabu yakan nuna girman ƙarya a kwamfuta, sai ranar da ka buɗe takardunka ka tarar sun lalace. Cika shi da bidiyo tun ranar farko, ka buɗe na ƙarshe ka gani.

Kafin ka biya, sa a jona fawabank ɗin da wayarka a gabanka ka ga alamar caji mai sauri ta fito. Karɓi rasit mai sunan shago, ka tambayi maigidan da kansa kwana nawa ya ba ka in ya ba da matsala, ya rubuta a bayan rasit ɗin.