Manhajar 'yan kallon ƙwallo ko ta 'yan wasa, wacce za ka gina a Kaduna?

In jama'a kake nema to 'yan kallo ka nufa. Leƙa gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada ko Kawo ranar da Arsenal ke wasa, kowa waya a hannu yana duba sakamako. Wahalar ita ce manhajojin duba sakamako irin su LiveScore da SofaScore sun riga sun cika kasuwar kuma kyauta ne, ga bayanan wasa na kai tsaye saye ake yi da dala, kai kuwa talla kaɗai za ta kawo maka kuɗi, sai dai in da Hausa za ka yi ka haɗa da gasar unguwanni da ba wanda ke kawowa.

Ta 'yan wasa masu amfani kaɗan ne amma buƙatarsu a fili take. Yaran da ke atisaye a Murtala Square ba manhajar auna gudu irin Strava ce damuwarsu ba, so suke a adana musu bidiyon wasa da ƙwallayen da suka ci yadda koci zai gani, kuma kulob zai iya biyan kuɗin wata. Ni dai nan na fi karkata wallahi, amma fa da ƙafarka za ka riƙa zuwa fili kana shigar da bayanai.